Kewaye da Girman Fili: Darasin Awo daga Birnin Abuja

A 'yan shekarun baya wani maƙwabcina, wanda ƙaramin ma'aikaci ne, ya daɗe yana tara kuɗi domin ya sayi fili ya gina gida nasa na kansa. Duk wanda ya zauna a Abuja ya san nauyin kuɗin haya, ya kuma san tsadar ƙasa. Wata rana wani dillali ya kai shi bayan garin Gwagwalada, ya nuna masa filaye guda biyu. Na farko tsawonsa ƙafa 100, faɗinsa ma ƙafa 100. Na biyu kuwa ƙafa 50 ne ta kowane gefe. Sai dillalin ya ce masa, "Yallaɓai, ai hamsin rabin ɗari ce. Ka biya rabin kuɗin babban, ka ɗauki ƙaramin." Maganar ta kwanta masa, har ya yi alkawarin kawo kuɗi ranar Asabar.

Da dare yana ba iyalinsa labari, sai 'yarsa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ina ganin akwai gyara a lissafin nan." Ta ɗauko takarda ta zana babban filin, ta ja layi ɗaya a tsaye ta tsakiyarsa, ta ja wani a kwance. Sai ga ƙananan filaye huɗu sun fito, kowanne ƙafa 50 ta kowane gefe. Ashe ƙaramin filin kashi ɗaya ne cikin huɗu na babban. Da uban ya biya rabin kuɗi, da ya sayi ƙasar a kan ninki biyu na ƙimarta.

Ku lura da kyau, ɗalibai: maganar dillalin tana da wajen da ta yi daidai. Wanda ya zagaya babban filin zai yi tafiyar ƙafa 400, wanda ya zagaya ƙaramin zai yi ƙafa 200, wato rabi. Amma mai sayen fili, ƙasar da ke ciki yake saye. Tsawon iyakar fili abu ne daban, yawan ƙasar da iyakar ta rufe shi ma abu ne daban. Na farko shi muke kira kewaye, na biyu girman fili. A wannan darasi za ku koyi yadda ake auna kowannensu, da kalmomin da Hausa take amfani da su wajen wannan awo.

Ma'aunan da da na yanzu

Tun kafin zuwan makarantun boko Hausawa suna da hanyoyin awo, kuma jikin mutum shi ne ma'auninsu. Masaƙi da mai sayar da yadi sukan auna da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Manomi yakan auna gona da taki. Mai haƙa rijiya yakan faɗi zurfinta da gaba, wato tsawon hannuwa biyu idan an buɗe su. Matsalar waɗannan ma'aunai ita ce, kamun dogo ya fi na gajere. Saboda irin wannan saɓani ne ƙasashe suka yarda da ma'auni ɗaya da ba ya canzawa, wato mita, wadda aka soma amfani da ita a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. Nijeriya ta koma kan wannan tsari a cikin shekarun 1970.

Mita ɗaya santimita 100 ce, kilomita ɗaya kuma mita 1,000. Duk da haka, har yau dillalan filaye da magina sun fi ambaton ƙafa. Ƙafa ɗaya ta ɗan haura santimita 30. Don haka fulotin da ake ce wa "hamsin da ɗari", mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, kimanin mita 15 ne a faɗi da mita 30 a tsawo. Za mu riƙa komawa ga wannan fuloti a cikin misalanmu.

Kewaye

Kalmar kewaye ta fito daga aikatau "kewaya", wato zagaya. Kun saba jin ana cewa "Abuja da kewaye", ana nufin birnin da garuruwan da ke gefensa. A fannin lissafi kuwa, kewaye shi ne jimillar tsawon dukkan gefunan siffa. Ku ɗauka cewa tururuwa ta tashi daga wata kusurwa ta littafinku, ta bi baki-baki har ta dawo inda ta fara. Tafiyar da ta yi ita ce kewayen littafin.

Siffa mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya, wadda kusurwoyinta suke a miƙe kamar na bulo, ita ake kira murabba'i. Kalmar ta Larabci ce, kuma tushenta ɗaya da kalmar da ke nufin huɗu a wannan harshe. Idan kusurwoyin suna nan a miƙe amma tsawo ya fi faɗi, kamar ƙofa ko allon aji ko tutar Nijeriya, sai a ce murabba'i mai dari. Siffa mai gefe uku kuwa sunanta alwatika.

Neman kewayen waɗannan siffofi ba shi da wuya: a auna kowane gefe, a tara. Fulotinmu yana da gefe biyu masu mita 30 da gefe biyu masu mita 15. Idan kuka tara 30 da 15 da 30 da 15, za ku sami mita 90. A taƙaice ana iya rubuta shi haka:

kewaye = 2 × (tsawo + faɗi)

Wane ne yake bukatar wannan lissafi? Na farko shi ne mai son katange filinsa. Bulon da aka fi yin gini da shi a ƙasar nan tsawonsa santimita 45 ne. Mita 90 daidai take da santimita 9,000. Idan aka raba 9,000 da 45 za a sami 200. Ke nan sahu ɗaya na katangar zai ci bulo kimanin 200, sahu goma kuma bulo 2,000. Birkila zai rage wajen ƙofa da kaurin simintin da ke tsakanin bulo da bulo, amma mai gida ya riga ya san abin da zai tanada, ba wanda zai ce masa ana bukatar 4,000 ya yarda. Haka tela da zai sa ado a bakin mayafi, da kafinta da zai yi wa hoto firam, da mai lambu da zai ja waya don hana awaki shiga: dukansu kewaye suke aunawa.

Misali na biyu yana Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke kusa da ƙofar shiga birnin Abuja, wanda aka buɗe a 2003 domin Wasannin Afirka, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Ma'aunin da aka fi bi a manyan filayen ƙwallon ƙafa na duniya shi ne tsawon mita 105 da faɗin mita 68. Ku tara 105 da 68, za ku sami 173. Ku ninka shi sau biyu, ya zama 346. Ɗan wasan da ya zagaya irin wannan fili sau uku a kan layi ya yi gudun mita 1,038, wato ya ɗan wuce kilomita ɗaya.

Girman fili

Yanzu mu bar baki mu shiga ciki. Girman fili shi ne yawan sararin da siffa ta mamaye. Igiya ko tef ba sa iya auna sarari kai tsaye, domin tsawo kawai suke nunawa. Sarari da sarari ake auna shi. Ma'aunin da aka zaɓa shi ne ɗan murabba'i mai mita ɗaya ta kowane gefe, ana kiransa murabba'in mita, ana kuma rubuta shi m². Tambayar da muke yi ita ce: irin wannan ɗan murabba'i guda nawa za a shimfiɗa su rufe filin duka, ba tare da wani ya hau kan wani ba?

Ku dubi daɓen ajinku. A ce tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7. A jikin dogon bango za a jera murabba'ai 9 a sahu ɗaya. Irin wannan sahu guda 7 ne za su cika ɗakin. Ba sai kun ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba: 9 sau 7 shi ne 63. Girman filin ajin murabba'in mita 63 ne. Daga nan ƙa'idar ta fito:

girman fili = tsawo × faɗi

Idan za a sa wa ajin tayil mai santimita 50 ta kowane gefe, tayil nawa ake bukata? Mutane da yawa sukan ce tayil biyu ne ke cika murabba'in mita ɗaya, tun da 50 rabin 100 ne. Wannan shi ne kuskuren da aka so a jefa maƙwabcina a ciki. Biyu za su jeru ta tsawo, biyu ta faɗi, saboda haka huɗu ne. Ajin zai ci 63 sau 4, wato tayil 252. Ku riƙe wannan a zuciya: idan aka ninka gefen murabba'i sau biyu, kewayensa yakan ninku sau biyu, amma girman filinsa sau huɗu yake ninkuwa. Idan aka ninka gefen sau uku, filin yakan ninku sau tara.

Fulotinmu mai mita 30 da mita 15 yana da murabba'in mita 450. Filin ƙwallo kuwa 105 sau 68 ne, wato murabba'in mita 7,140. Idan fili ya yi girma sosai akan auna shi da hekta. Hekta ɗaya murabba'i ce mai mita 100 ta kowane gefe, wato murabba'in mita 10,000, kuma ta kusa eka biyu da rabi. Lambun shaƙatawa na Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, yana da kimanin hekta 32. Wannan murabba'in mita 320,000 ke nan. Idan kuka raba shi da 7,140, za ku ga cewa lambun ya kusa filin ƙwallo 45.

Akwai wata kalma da ya kamata mai koyon Hausa ya yi hattara da ita, ita ce faɗi. A cikin lissafi, faɗi shi ne gajeren gefe, abokin tsawo. Amma a labaran rediyo za ku ji ana cewa wata jiha tana da "faɗin ƙasa" kaza. A nan girman fili ake nufi. Abin da zai nuna muku bambanci shi ne ma'aunin da ya biyo baya. In an ce mita ko kilomita kawai, tsawon layi ake magana. In kun ji kalmar murabba'i ko hekta ko eka, to sarari ake aunawa.

Alwatika da filaye marasa tsari

Ba kowane fili ne yake zuwa da kusurwoyi huɗu a miƙe ba. Inda hanya ta karkata ko rafi ya ratsa, akan sami fili mai siffar alwatika. Ku ɗauki takarda mai siffar murabba'i mai dari, ku yanka ta daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Za ku sami alwatika biyu, kuma idan kuka ɗora ɗaya a kan ɗaya za su dace daidai. Ke nan kowace alwatika rabin takardar ce. Gefen da alwatika ta zauna a kai shi ne gindi. Nisan da ke tsakanin gindi da ƙololuwa, idan an auna shi a miƙe sak, shi ne tsayi.

girman filin alwatika = ½ × gindi × tsayi

Lambu mai gindin mita 20 da tsayin mita 12 yana da rabin 240, wato murabba'in mita 120. Ku kula kada ku ɗauki gefen da ya kishingiɗa a matsayin tsayi, domin ya fi tsayin gaskiya tsawo.

Idan fili ya zo da gefe biyar ko shida, ko ya yi lanƙwasa kamar gwiwar hannu, dabarar ita ce a yanka shi a kan takarda zuwa murabba'ai da alwatika, a nemi girman kowane yanki, sa'an nan a tara. Safiyo, wato ma'aikacin da ke auna ƙasa, yana da na'urori masu aiki da tauraron ɗan Adam, amma tushen lissafinsa bai wuce wannan ba.

Da'ira da kewayenta

Da'ira ba ta da kusurwa, ba ta da gefen da za a ɗora ruler a kai. Tana ko'ina a rayuwarmu: faifai, bakin tukunya, tayar keke, bakin rijiya, shataletalen Berger. Shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke cikin wannan yanki, wadda hotonta yake a bayan takardar naira 20, da hannu take zagaya yumɓu har bakin tukunya ya fito da'ira.

Layin da ya tashi daga baki, ya ratsa ta tsakiyar da'ira, ya kai ɗaya bakin, sunansa dayamita. Daga tsakiya zuwa baki kuwa rabin dayamita ne. Ga wani gwaji da za ku iya yi a gida. Ku sami faifai da zare. Ku zagaya bakin faifan da zaren, ku yanke daidai inda ya haɗu. Sai ku shimfiɗa zaren a kan dayamitar faifan, ku ga sau nawa zai ratsa shi. Za ku tarar ya ratsa sau uku, ɗan guntu ya yi saura. Ku sake gwadawa da murfin tukunya, da bakin kofi, da tayar keke. Kowane lokaci amsar ɗaya ce: uku da ɗan ƙari, kuma ƙarin ya kusa kashi ɗaya cikin bakwai na dayamita.

Wannan adadi da ba ya canzawa, ko da'ira ta yi girma ko ta yi ƙanƙanta, ana rubuta shi da harafin Girkanci π, ana furta shi "fai". Idan kuna son tuna sunan, ku tuna da faifai. Masana sun daɗe suna bin diddiginsa. Arkimidis, wani masanin lissafi Bagirke da ya rayu a tsibirin Sisili fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa fai ya gaza 22/7 kaɗan, ya kuma fi 223/71 kaɗan. A shekarar 1424 Jamshid al-Kashi, wanda ya yi aiki a birnin Samarkand, ya fitar da shi har zuwa gurbi 16 bayan ɗigo. Lambobinsa ba su da ƙarshe, amma a aikinmu na yau da kullum 22/7 ko 3.14 ya wadatar.

kewayen da'ira = π × dayamita

Faifai mai dayamitar santimita 28 yana da kewayen 22/7 sau 28, wato santimita 88. Tayar keke mai dayamitar santimita 70 tana da kewayen santimita 220. Duk juyi ɗaya da ta yi, keken ya ci mita 2.2, kuma kafin ya cika kilomita ɗaya sai tayar ta juya kimanin sau 455.

Mu koma filin wasa. Kun taɓa lura cewa a tseren mita 400 ba a jera 'yan gudu a kan layi ɗaya? Na hanyar ciki yana baya, na waje yana can gaba, kamar an yi masa alfarma. Hanyar gudu tana da miƙaƙƙun sassa biyu, waɗanda jimillarsu ta kai kimanin mita 169, da lanƙwasa biyu. Idan aka haɗa lanƙwasan biyu sukan ba da cikakkiyar da'ira mai kewayen kimanin mita 231 a hanyar ciki. Jimilla mita 400 ke nan. Faɗin kowace hanya mita 1.22 ne, don haka da'irar mai hanya ta biyu ta fi ta mai hanya ta farko girma, kuma zagayensa ya fi da sama da mita 7. Domin a yi adalci sai a matsar da shi gaba da wannan tazara, haka kuma har zuwa na ƙarshe. Lissafin kewayen da'ira ne ya tabbatar da cewa kowa mita 400 ya gudu.

Girman filin da'ira

Yaya za a shimfiɗa murabba'ai a cikin abin da ba shi da kusurwa? Ga dabarar. Ku zana da'ira a takarda, ku yanka ta daga tsakiya zuwa baki gida 16, kamar yadda mai kankana yake yanka ta. Ku jera yankunan gefe da gefe, ɗaya tsininsa sama, na kusa da shi tsininsa ƙasa. Abin da zai fito ya yi kama da murabba'i mai dari. Faɗinsa rabin dayamita ne. Tsawonsa rabin kewayen da'irar ne, domin rabin ɓawon yana sama, rabi yana ƙasa. Rabin kewaye kuwa daidai yake da fai sau rabin dayamita. Idan aka ninka tsawo da faɗi sai a sami wannan:

girman filin da'ira = π × rabin dayamita × rabin dayamita

Faifanmu mai dayamitar santimita 28, rabin dayamitarsa 14 ne. 14 sau 14 shi ne 196, kuma 22/7 sau 196 shi ne 616. Girmansa murabba'in santimita 616 ne. Da'irar da ke tsakiyar filin ƙwallo, inda ake take wasa, rabin dayamitarta mita 9.15 ne bisa dokar wasan. Kewayenta kimanin mita 57 da rabi ne, girman filinta kuwa kimanin murabba'in mita 263, wato ya fi rabin fulotinmu.

Igiya ɗaya, filaye daban-daban

A ce an ba ku igiya mai tsawon mita 44, aka ce duk ƙasar da kuka kewaye da ita taku ce. Wace siffa za ku yi? Idan kuka yi dogon fili mai mita 20 da mita 2, kewayensa 44 ne, girmansa murabba'in mita 40 kacal. Idan kuka yi mai mita 15 da mita 7, kewayen bai canza ba, amma girman ya zama 105. Murabba'i mai mita 11 ta kowane gefe zai ba ku 121. In kuwa kuka shimfiɗa igiyar ta zama da'ira, dayamitarta mita 14 ce, rabinta 7, girman filin kuma 22/7 sau 49, wato murabba'in mita 154. Igiyar ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba, amma ƙasar ta tashi daga 40 zuwa 154.

A cikin dukkan siffofin da kewayensu ɗaya ne, da'ira ce ta fi ɗaukar sarari. Idan kuka je ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, ko ƙauyukan ƙasar Hausa, za ku ga ɗakuna da rumbuna masu siffar da'ira. Wanda ya yi irin wannan gini ya sami ɗaki mafi yalwa da ƙasar gini daidai da wadda mai ɗaki mai kusurwa huɗu ya kashe.

Birnin da aka fara da awo

Abuja kanta da awo aka fara ta. Ɗaya daga cikin dalilan barin Legas shi ne ƙarancin fili, domin ruwa ya tsare birnin, cunkoso ya yi yawa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma a watan Fabrairu na 1976 aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, kimanin murabba'in kilomita 8,000, wato fiye da ninki biyu na Jihar Legas. Da a ce yankin murabba'i ne, da kowane gefensa ya kusa kilomita 90. Sai da aka auna, aka zana taswira, aka raba unguwanni irin su Garki da Wuse da Asokoro da Maitama, kafin gwamnati ta taso a ranar 12 ga Disamba, 1991.

Har yau takardar shaidar mallakar fili tana tafiya da zanen filin, da tsawon kowane gefe, da girmansa a murabba'in mita ko hekta. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ƙimar ido tana da amfani a kasuwar hatsi, sai dai ba ta isa a sayen ƙasa ba. Ranar da iyayenku za su sayi fili ko tayil ko bulo, ku roƙi a tafi da ku, ku riƙe tef da takarda da fensir. Kafin ku fara lissafi, ku tambayi kanku: bakin abin ake son aunawa, ko cikinsa?

Ma'anar kalmomi

dillali: mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, a ba shi lada
fuloti: yankin ƙasa da aka auna domin gina gida
ƙima: darajar abu ko kimanin yawansa
kusurwa: inda gefe biyu suka haɗu
sahu: jeri ɗaya na mutane ko na abubuwa
daɓe: ƙasan ɗaki da aka daddale ko aka shafe da siminti
ƙololuwa: wuri mafi bisa na abu
faifai: abin rufe ƙwarya da ake saƙawa da kaba, mai siffar da'ira
shataletale: mahaɗar hanyoyi inda motoci ke zagayawa
tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu

Tambayoyi

1. Wane kuskure ne yake cikin maganar dillali, kuma yaya yarinyar ta gano shi?
2. Ku bayyana bambancin kewaye da girman fili da kalmominku.
3. Ku kawo ma'aunan gargajiya guda uku, ku faɗi matsalarsu.
4. Tuta tana da tsawon mita 2 da faɗin mita 1, an raba ta gida uku daidai: kore, fari, kore. Mene ne kewayenta? Kashi nawa na girmanta ne kore?
5. Bakin wata rijiya yana da dayamitar santimita 140. Ku nemi kewayensa da girman murfin da zai rufe shi daidai.
6. Me ya sa ba a jera masu tseren mita 400 a kan layi ɗaya?

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya auna tsawo da faɗin ajinku sau biyu, da farko da taki, sa'an nan da tef. Ku rubuta sakamakon a allo, ku kwatanta. Bayan haka kowane ɗalibi ya rubuta jimloli biyar da Hausa, yana amfani da waɗannan kalmomi: tsawo, faɗi, kewaye, murabba'i, da'ira.